Daga Kaduna zuwa Tekun Gishiri da gonar Nabot

Ayarinmu na masu ziyarar Ƙasa Mai Tsarki ya taso daga Sabon Tasha da asuba, muka hau jirgi a Abuja. Da muka sauka, wani jami'in bincike ya tsare wata dattijuwa a cikinmu a kan ƙullin yaji da kuka, yana yi mata tsawa. Sai da Baba Fasto ya ce, "Mama, ki bar masa," sannan muka wuce.

Tekun Gishiri ne ya fara girgiza ni. Daga Urushalima gangara ce zalla har kunne ya toshe, domin bakin ruwan ya fi mita 400 ƙasa da doron teku. Gishirinsa ya kusa ninka na teku sau 10, babu kifi ko ɗaya. Mai shiga kada ya yi aski ranar, kada ya nitse, ya kwanta rigingine na ɗan lokaci ya fito ya ɗauraye. Ɗigo ɗaya a ido ya isa ya sa babban mutum ihu. Kuɗin gorar ruwan sha a wurin kuwa ya ishe ka cin tuwo da nama a Kakuri, abin haushi ne.

A kudancin tekun akwai Dutsen Saduma, galibinsa gishiri ne, da wani ginshiƙi da ake kira matar Lutu. A gindinsa muka buɗe Farawa 18, inda Ibrahim ya yi ta roƙo kada a hallaka garin Saduma in an sami adalai a ciki, daga 50 zuwa 45, 40, 30, 20, har 10, Ubangiji yana amsawa kowane karo. Goman ma ba a samu ba. Mutanenmu sun san laifin Saduma guda ɗaya, amma Ezekiyel 16:49 ya lissafa girmankai, ƙoshi, zaman jin daɗi, da ƙin taimakon matalauta.

Yezreyel ce ta fi tsaya mini a rai. Tudu ne da kango, kusa da shi masu haƙa sun gano wurin matse inabi da aka sassaƙa cikin dutse. A nan ne Nabot ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar inabinsa saboda Firistoci 25:23 ya hana sayar da ƙasar gado ɗungum. Yezebel, matar Ahab, ba ta aika 'yan daba ba, ta bi ta hanyar shari'a: wasiƙu da hatimin sarki, shelar azumi, shaidun zur biyu tunda doka na neman biyu, sai aka jejjefe Nabot har ya mutu. Duk wanda ya ga yadda ake raba marayu da filin ubansu da takardar bogi a bayan garin Kaduna, wannan labari ba baƙo ba ne gare shi. Hukuncin ya jinkirta, gama Ahab ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya ɗage masifar zuwa zamanin ɗansa. Amma a 2 Sarakuna 9 Yehu, wani shugaban soja, ya harbe Yoram ɗan Ahab, aka jefa gawarsa a cikin gonar Nabot ɗin, karnuka suka cinye Yezebel, sai ƙoƙon kai da ƙafafu da tafin hannu.

A Yariko wani Balarabe mai dabino ya ji muna cewa "albarka" a ciniki, ya yi dariya, ya ƙara mana gyara cike da hannu biyu. Dabinon manya ne, masu laushi, sai dai tsada. Kogin Urdun bai kai faɗin Kogin Kaduna da rani ba. Baitalami cunkoso, muka yi addu'a a tsaye muka kama hanyar filin jirgi.