Zobon wardi: gwaji na uku

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana kan zobon wardin nan da na ce zan gwada tunda bazara ta kama.

Karon farko na haɗa komai a tukunya ɗaya kamar yadda muka saba, zobo da citta da kanumfari da busasshen furen wardi, na bar shi yana ta tafasa. Zobo kam ya yi daɗi amma wardi ko alamarsa babu, kanumfari ya danne shi, sauran ƙamshin kuma ya bi tururi. Na biyu sai na zuba ruwan wardi na kwalba cokali 2 a lita 2, ai kuwa kamar mutum ya kurɓi turare, ya yi yawa sosai. Kuma don Allah ku riƙa duba jikin kwalba, akwai na shafawa a fuska akwai na girki, kar a haɗa su.

Jiya ne dai Allah ya sa na dace. Na ɗauraye zobo gwangwanin madara 2 saboda yashi, na tafasa ruwa lita 2 na sauke tukunna sannan na zuba zobon. Bayan minti 5 na watsa busasshen furen wardi cikin tafin hannu ɗaya na rufe ruf, ban buɗe ba sai da aka yi minti 10. Ina ɗaga murfin nan ƙamshi ya bugo ni, furen ya yi fari-fari yana yawo a sama, ruwan kuwa jawur. Na tace, na sa sukari tun da ɗuminsa. Ba citta ba kanumfari, kuma ban sa kanwa ba, don ita tana kashe tsami ta mai da shi baƙi-baƙi, ni kuwa a ganina tsamin nan shi ke fito da wardin. Lemon tsami rabi kawai na matsa, launin ya ƙara haske.

Abin da ya rage min shi ne ƙanƙara, ta leda tana narkewa ta salance shi. Yau na ɗebi zobon kansa na sa a firji ya daskare ya zama ƙanƙarar da zan sa, in dai wuta ta tsaya. Gobe kuma in sha Allah zan jiƙa busasshen zobo da wardin a ruwan sanyi su kwana, in ga ko wardin zai fi fitowa.