Tarihin Rayuwata, kashi na 11: Maganar Gwaggo

Na yi alkawarin wannan makon zan shiga rabon gonar Baffa, amma maganar Gwaggo ta tsaya mini a rai, sai na sauke ta. "Mace daga ɗakinta sai kushewa." Da ita take kora duk 'yar gidanmu da ta yi yaji, tun miji bai turo biko ba. Allah ya jiƙanta, amma ba ta ga abin da mu masu karɓar haihuwa muke gani a jikin mata ba.

Ba da duka ake farawa ba. Zai karɓe miki waya, ya hana ki zuwa suna ko gaisuwar mutuwa a gidanku, ya riƙe kuɗin ƙulin da kika soya, ya kulle rumbu ya tafi da makulli. Gobe ya shigo da tsire yana rantse-rantse. Duk wannan cutarwa ce tun hannunsa bai taɓa ki ba. Amma akwai inda ba a jira: ya shaƙe miki wuya ko sau ɗaya ne, ya doke ki kina da ciki, ya zaro adda, ko ya ce sai ya kashe ki. Wadda aka shaƙe ta je asibiti ko babu tabo, musamman in murya ta dushe ko haɗiya ta yi wuya, don kumburin maƙogwaro kan zo daga baya.

Sai kushewa, wai. To mun ga waɗanda suka cika mata maganar.

Inda mata ke kuskure shi ne su faɗa masa za su tafi. Lokacin fita ya fi kowane lokaci haɗari, don haka a shirya a ɓoye. Katin zaɓe, takardar NIN, katin awo da na rigakafin yara, a fitar da su ɗaya-ɗaya zuwa gidan wadda kika yarda da ita, ba dangin miji ba. Kwasar adashe ta zauna can. Ki haddace lamba ɗaya, kina gama kira ki goge. Ku shirya alama da maƙwabciya: in yaro ya zo aron kanwa da dare, ta taso da mijinta da mai unguwa. In rigima ta tashi, kada ki gudu madafa inda wuƙa da taɓarya da ruwan zafi suke, ki nufi zaure. Ranar tafiya ki zaɓi wadda ba za a yi zargi ba, ranar awo ko ranar da ya tafi cin kasuwa.

Na tsallake wani abu. Duk rauni a kai shi asibiti a rubuta a kati da kwanan wata, a ɗauki hoto da wayar wata, ba taki ba. Rashin wannan ke sa mace ta je kotun Musulunci a ce ta yi khul'i ta mayar da sadaki, alhali a Malikiyya in cutarwa ta tabbata alƙali na raba aure ba ta biya ko sisi ba, kuma ana karɓar shaidar maƙwabtan da suka sha ji. Aya ta 231 a Suratul Baƙara ta hana riƙe mace don a cuce ta. Gwaggo ba ta taɓa jawo mana ita ba.

Hisba na yin sulhu, amma wadda aka shaƙe ba sulhu take buƙata ba, 'yan sanda ne, kuma ta je da waliyyinta ko wani babba mai tsaya mata. Jigawa ta kafa dokar hana cin zarafi a 2021. In abin ya haɗa da fyaɗe, akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala a Kano, kuma a isa cikin awa 72 saboda maganin kariya daga ƙanjamau.

Zancen gona sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Yaya, ka shirya, ba zan rage komai ba.