Ƙananan kek masu ɗan tsami-tsami

Salam 'yan uwa, yau dai kek zamu yi, irin ƙanana na gwangwani ɗin nan da Turawa ke sa wa rubab. Shi rubab tsiro ne na ƙasashen sanyi kamar Ingila, karan ake ci, ja ne da tsami sosai, ganyen kuwa guba ne ba a kusantar shi. To zafin Katsina ina zai barshi ya rayu? Ni dai ɗanyen zoɓorodo nake sawa madadinsa, wanda ke shigowa kasuwa da kaka, wallahi tsamin ya yi kusa har kalar ma. In busasshe gareki ki jiƙa ya yi laushi ki wanke yashin tas.

Fulawa kofi 2, suga kofi 1, bakin hoda ƙaramin cokali 2, ƙwai 2, man gyaɗa rabin kofi, kindirmo kofi 1. Ki yanka zoɓorodon ƙanana ki barbaɗa mai suga ya ɗan zauna tukunna, in ba haka ba yara zasu yatsine fuska su ajiye maki abinki. Sai ki haɗa komai har da zoɓorodon ki zuba a gwangwani. Wajen haɗi nan ake ɓata shi, kar ki ta bugu kamar kwaɓin fanke, da fulawar ta ɓace ki tsaya ko da gudaji-gudaji ne, yawan juyi shi ke sa kek tauri.

Ki gasa a obin, zafi 180°C, minti 20 zuwa 25. Mara obin ta zuba yashi a tukunya ta rage garwashi, ta soka tsinke in ya fito ba danƙo ta sauke.