Rawar kan dusar ƙanƙara: allo, sanda da minti ɗaya da rabi

Shekarun da na yi ina rawar zamiya a kan dusar ƙanƙara, wadda daga baya aka sa wa suna akroski, rabinsu sun tafi wajen koyon tsayar da allon zamiya a shimfiɗe. Mai zamiyar gudu da kaifin gefen allo yake yanka kwana. Mu kuwa kaifin nan shi ne abokin gabarmu. Kana cikin juyi kamar katantanwa, gefen da ke kallon gangara ya ɗan kama ƙanƙara, sai ka ji ka a ƙasa, kafaɗa ce ta fara isa. Shi ya sa nake bin goshin allo da wutsiyarsa da dutsen wasawa in dakushe su, in bar kaifi a ƙarƙashin takalmi kawai.

Allunanmu gajeru ne, ba su kai tsayin mai su ba. Sandunan kuma sun fi na kowa tsawo da kauri, don nauyin jiki gaba ɗaya yana hawa kansu. Filin gangara ce mai sauƙi, digiri goma sha 'yan kai, a daddaɓe sumul.

Alkafura a kan sanda ita ce ta fi cin mutane. Ga yadda nake yinta: in taho a hankali, in kafa sandunan biyu a gabana, tazararsu faɗin kafaɗa, tafin hannu a saman mariƙi. Sai in buga ƙafa, in ɗaga ƙugu ya hau saitin hannuwa, sannan ƙafafu su bi. Kuskuren sabon shiga biyu ne. Ko ya lanƙwasa gwiwar hannu, nauyi ya rushe masa a wuya, ko ya jefa kai gaba tun ƙugu bai tashi ba, ya sauka a gadon baya. Kafin in kai ta kan ƙanƙara sai da na yi ta a kan katifa da ragar tsalle ba adadi, mai koyarwa na tallafe da ƙuguna. Kuma kafin kowane gwaji ina caka sanda in ji ƙasa: in ta daskare tsinin zai zame, in ta yi laushi sanda ɗaya za ta fi ɗaya nutsewa ka karkace a sama.

Abin da ke riƙe takalmi da allo ma sai an kula. Ka sassauta, allo ya fice lokacin sauka. Ka ɗaure tamau, gwiwa ta biya kuɗin.

Sai kiɗa. A zamanin da ake gasarsa, wasan minti ɗaya da rabi ne, alƙalai na ba da maki a kan wahalar abin da ka yi da kuma kyan tsarinsa. Abin da 'yan kallo ba sa lura da shi, dole tsawon fili da tsawon kiɗa su ƙare tare. Ƙanƙarar safe tana da gudu, ta rana ta jiƙe tana riƙe allo. Tsarin da ya zauna daidai da rana, da safe sai ka cinye filin kiɗa bai ƙare ba, ka tsaya kana 'yan kame-kame. Maganinsa ka ajiye juyi biyu na ko-ta-kwana da kake yi a gicciye, masu cin lokaci ba sa cin fili.

Manyan wasan sun kai shi nesa. An fara gasar kofin duniya a 1980, gasar zakarun duniya ta farko a Tignes ta Faransa a 1986. An nuna shi a Olamfik ta Calgary ta Kanada a 1988, inda Hermann Reitberger na Jamus ta Yamma da Christine Rossi ta Faransa suka zo na ɗaya, sai Olamfik ta Albertville ta Faransa a 1992, Fabrice Becker na Faransa da Conny Kissling ta Suwizalan. Amma nuni ne kawai. 'Yan uwansa biyu, zamiya kan tuddai da tsallen sama, sun samu shiga jerin lambobin yabo a 1992 da 1994, shi aka bar shi a bakin ƙofa. A ganina nan aka gama da shi, don kuɗin tallafi Olamfik suke bi. Bayan shekarar 2000 FIS, hukumar wasannin zamiya ta duniya, ta daina shirya gasarsa.

Mai son koyo yau allon ba zai ba shi wuya ba, gajere mai goshi biyu ya isa. Sandar ce aiki. Ta shago siririya ce, tana iya karyewa kana kife a kanta, saboda haka kada ka ɗora mata alkafura; ka tsaya ga juyi da harɗe ƙafa har ka samu mai kauri.