Ba Kowane Maganin Ƙarin Jini Ne Ya Dace Da Mai Sikila Ba

A gidajen da ake da mai ciwon sikila, da wuya a rasa kwalbar maganin ƙarin jini da wani ɗan'uwa ya sayo daga kemis da kyakkyawar niyya, saboda ya ga yaron ya yi fari fat ko idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai, domin galibin waɗannan magunguna cike suke da sinadarin ayon, alhali ƙarancin jinin mai sikila ba daga rashin ayon ya samo asali ba.

Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kusan kwana 120 tana aiki, amma ta mai sikila (SS) takan fashe cikin kwana 10 zuwa 20, kuma idan ta fashe, ayon ɗin da ke cikinta ba ya zuwa ko'ina, jiki ne ke adana shi ya sake amfani da shi. Abin da ke saurin ƙarewa shi ne folic acid, wani bitamin da jiki ke buƙata wajen ƙera jini, saboda ɓargo yana ƙera sababbin ƙwayoyi ba dare ba rana domin ya cike gurbin waɗanda suka lalace. Shi ya sa a asibitocinmu ake ba masu sikila 'yar ƙwayar nan mai miligiram 5 su sha kullum, mai araha ce, kuma bai kamata a yi wasa da ita ba.

Haɗarin taruwar ayon ya fi tsanani ga wanda ake yi wa ƙarin jini akai-akai. Kowace ledar jini tana ɗauke da ayon kimanin miligiram 200, jikin ɗan Adam kuwa ba shi da hanyar fitar da rarar, sai ta taru a hanta da zuciya tana yi musu illa sannu a hankali ba tare da wata alama da farko ba. Mai sikila na iya rasa ayon da gaske, musamman mai juna biyu, amma gwajin ferritin, wato gwajin yawan ayon da jiki ya adana, ne zai nuna haka, likita ne kuma zai yanke hukunci, ba mai kemis ba. Saboda haka a riƙa duba jikin kwalbar, idan an ga kalmar ferrous, wato ayon, a cikin abubuwan da aka haɗa, a dakata sai an tambaya.

Bitamin D da zinc sukan yi ƙaranci a jikin masu wannan ciwo, kuma yana da kyau a yi wa likita maganarsu. Zogale da alayyahu da wake da gyaɗa suna taimakawa wajen samar da folate, wato folic acid na cikin abinci, muddin ba a dafa ganyen har ya narke ba.

Sai dai babu bitamin da ke hana ciwon tashi kamar yadda maganin hydroxyurea ke yi, kuma babu wanda ke maye gurbin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ko penicillin da ake ba yara har su kai shekara 5. Raina yana ɓaci idan na ji iyaye sun daina zuwa asibitin sikila sun koma kashe kuɗin a kan kwalaben bitamin masu tsada da ake tallatawa a WhatsApp.