Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Juma'ar Da Mutanen Tokyo Suka Koma Gida Da Ƙafa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiya. Makon jiya mun tsaya inda na fara aiki a yadin tsofaffin motoci a Yashio, jihar Saitama ta ƙasar Japan, kusa da Tokyo, muna kwance injina muna loda kwantena zuwa Kwatano. To yau ga abin da kuka dame ni da tambaya a kai, wato yadda babbar girgizar ƙasar 2011 ta same ni.

Ranar Juma'a ce, 11 ga Maris 2011. Na shiga cikin Tokyo na yi sallah a masallacin Otsuka, na tsaya cin abinci, ƙarfe 2:46 na rana ƙasa ta fara motsi. Mu da muka ɗan zauna a Japan mun saba, kaɗan ta yi ta daina, amma wannan ta ƙi dainawa, sai ƙaruwa take, turakun lantarki suna rangaji, gilasai suna ƙara, ni dai ban san sanda na durƙusa a bakin titi ina innalillahi ba, wata tsohuwa ta riƙe min hannun riga gam, ba ta san ni ba ban san ta ba.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, girgizar ba daga Tokyo ta taso ba. Can ƙarƙashin teku ne, kusan kilomita 130 gabas da birnin Sendai, tsakaninta da mu kusan kilomita 370, ƙarfinta maki 9.0. Amma Tokyo a kan ƙasa mai laushi take zaune, shi ya sa dogayen benayen unguwar Shinjuku suka yi ta lilo na mintuna bayan komai ya lafa, har tsinin Tokyo Tower ya lanƙwashe. A Urayasu kuwa, gefen Tokyo, da aka cike teku aka yi gari, laka ce ta dinga ɓulɓulowa daga ƙarƙashin kwalta.

Jiragen ƙasa duk suka tsaya, kuma Tokyo in babu jirgi babu gari. Mutum sama da miliyan 5 suka rasa yadda za su koma gida a daren nan. Na bi ayari muka kama hanya da ƙafa cikin sanyi, masu kwat da jakar ofis, mata da takalma masu tsini a hannu, ba turereniya ba ihu, wallahi har danja ana tsayawa. A wani shago na hango talabijin ana nuna ruwan teku da girgizar ta taso, wato tsunami, yana shanye filin jirgin saman Sendai, a nan na gane mu wasa muka gani. Mutum kusan 15,900 aka tabbatar sun rasu, yawancinsu ruwan ne ya ci su, fiye da 2,500 ba a gan su ba. Allah ya kyauta.

Waya ba ta shiga, intanet ne kawai ke aiki. Sai washegari na samu Hajiyarmu, ko sallama ba ta bari na ƙarasa ba tace "Kai ɗan nan, ka tattaro ka dawo, kuɗin ya isa haka." Nace Hajiya ai arewa abin ya faru mu muna nesa. Ashe ba nisan da nake zato.

Domin wutar da Tokyo ke sha a lokacin, wani kaso daga tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi yake zuwa, ta kamfanin lantarkin Tokyo, TEPCO, mai nisan sama da kilomita 200. Kuma ku ji, su mutanen Fukushima ba ma wannan wutar suke amfani da ita ba, wani kamfanin ne ke ba su, amma da ruwan tsunami ya afka wa tashar, ginin na'urar nukiliya ta farko ya fashe ran 12 ga wata, na uku ran 14, su aka kwashe daga gidajensu da gonakinsu. Wannan abin har yau yana min ciwo, gaskiya ba a yi musu adalci ba, babban birni ya sha haske su suka biya.

Daga 14 ga Maris aka shiga rabon ɗauke wuta, unguwa-unguwa, da jadawali, kusan awa uku-uku. Tsakiyar Tokyo galibi an tsallake ta, mu na gefe muka sha. Maƙwabtana duk sun rikice suna neman tocila, ni kuwa ɗan Kurna sai na zama malami, ina nuna musu yadda ake dafa abinci tun da wuri a cika bokitai. Ran 23 ga wata hukumar birnin ta ce an ga sinadarin nukiliya a matatar ruwa ta Kanamachi, kar a ba jarirai ruwan famfo, kafin magariba ruwan gora ya ƙare a kantuna kaf.

Maigidana ya kira ni yace "Kai, su wane duk sun sayi tikiti, kai fa?" Nace Alhaji in kana nan ina nan. Yace to shirya, 'yan masallacin Otsuka suna tara kayan agaji za su kai arewa, kuma direba suke nema. Yadda tafiyar ta kasance sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.