Injin da muka yi jinkirin saya

Shekara tara kenan ina gyaran inji a wani kamfanin roba a Sharada, bokiti muke bugawa da buta da kujeru, yawancin kayanmu Ƙofar Wambai suke tafiya. Ba abin da ya koya min hankali a aikin nan kamar maganar injin servo.

Tsoffin injinanmu motar lantarkin da ke juya su ba ta hutawa, ko roba tana cikin mol, wato ƙarfen da ke fitar da siffar kaya, tana hucewa ita dai juyawa take tana shan wuta, shi kuwa na servo sai ana buƙatar ƙarfi take tashi. Tun 2022 wani yaro da ke koyon aiki a hannuna ya nuna min bidiyonsa a waya, na ce masa rabu da su, namu ƙarfe ne na gaske. Ko da na kai wa Alhaji mai kamfanin maganar sama-sama na yi ta, shi ma ya ce a bari tukunna.

To sai ga 2023, aka cire tallafin mai aka saki naira, dalar da take wajen 460 a banki ta wuce 1,500 a farkon 2024, a Afrilu kuma wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, ta koma naira 225 kowane yunit. Maƙwabtanmu da suka sayi nasu da wuri suna ta karya farashi, mu kuwa kuɗin dizal da bil sun sha mana kai, ƙarshe dai mun saya amma da tsada mai ciwo wallahi.

Kuma sayen ma ba shi ne ƙarshen wahalar ba. Wata na biyu wani katin lantarki ya ƙone a cikinsa, duk ma'aikatanmu ba wanda ya iya taɓa shi, sati uku injin yana zaune muna jiran kaya daga Guangzhou ta China, dillalai suna ta kira.

Yanzu duk sabon abu da yaran nan suka nuna min sai na rubuta a littafi, wuta nawa yake ci, wa zai gyara shi a Kano, ina ake samun kayan gyaransa. Shi yaron ma Alhaji ya yarda ya biya masa kuɗin koyon lantarkin injin.

Satin da ya wuce ya nuna min wani hannun ƙarfe da ke ciro bokiti daga mol da kansa. Na rubuta, amma tun ranar nake kallon Baba mai ciro mana bokiti da hannu, ina tunanin wane aikin zan fara koya masa tun yanzu.